Rahoton Ayyukan Shekara: Bin Sawun Gwamna Lugga

Assalamu alaikum, iyayenmu malamai da 'yan uwa membobi.

Babban taron bara ya ɗora wa kwamitin gudanarwa nauyi guda: a tace tarihin Frederick Lugard, wanda kakanninmu suka fi sani da Gwamna Lugga, a ware abin da ya aikata da hannunsa daga abin da baki ya jingina masa. A ƙasar nan kusan duk wani abu na zamanin Turawa da shi ake haɗawa, alheri ne ko sharri, ɗalibanmu kuma suna kwasa haka nan suna zubawa a jarrabawa.

Jadawalin rayuwarsa

Wannan ne aikin da aka fara kammalawa, kuma an raba wa rassa. An haife shi a Madaras ta Indiya a 1858. Ya yi aikin soja a Afganistan da Sudan da Bama, ya yi wa wani kamfanin Ingila aiki a Yuganda daga 1890 zuwa 1892. A 1894 kamfanin Royal Niger ya tura shi Borgu neman yarjejeniya kafin Faransawa su riga shi. Ranar 1 ga Janairu 1900 aka ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya zama Babban Kwamishinan Arewa. Ya ajiye aiki a 1906, ya yi gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912, ya dawo ya haɗe Kudu da Arewa ranar 1 ga Janairu 1914, ya bar mulkin Najeriya a 1919. Ya rasu a Ingila a 1945.

Shekaru shidan nan da ba ya ƙasar, 1906 zuwa 1912, su ne ramin da ake yawan faɗawa. Makarantar Ɗan Hausa (Bature Hanns Vischer) ta Nasarawa a Kano a 1909 aka buɗe ta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma a zamanin Gwamna Girouard aka soma shimfiɗa layin daga Baro. Baitulmalin En'e ma, wanda ake ɗauka shi ne ƙashin bayan mulki ta hannun sarakuna, a waɗannan shekarun ya tsiro, da hannun Razdan Palmer a Katsina. Lugga ya tarar da su ne ya ɗora. Sunan Najeriya kuwa Flora Shaw ce ta kawo shawararsa a jarida a 1897, shekara biyar kafin ta aure shi.

Karatun wata-wata

Mun fi daɗewa a kan 1903, don nan ne ciwon yake. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, Kanar Morland ne ya jagoranci harin, Sarki Alu kuma ba ya gari. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris. Lugga ya iso bayan an gama faɗa, aka naɗa Muhammadu Attahiru na biyu sabon Sarkin Musulmi, ya yi jawabin da ya ce ikon naɗa sarakuna da sanya haraji ya koma hannun Turawa tunda sun ci ƙasar da yaƙi, amma ba za a taɓa addini ba. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas da jama'a masu yawa, aka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli, ya yi shahada a can, Allah ya jiƙansa. Ɗansa Mai Wurno ya wuce da sauran mutane har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau.

An yi zama biyu a kan wasiƙar da aka ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aika a 1902, mai cewa babu komai tsakaninsa da Nasara sai yaƙi. Da ita Lugga ya kafa hujjar kai wa Sakkwato yaƙi. Fassararta ta Turanci ce ke yawo, kuma masana sun daɗe suna tababa a kanta. Matsayarmu ita ce duk wanda zai kawo ta a rubutu ya bayyana cewa fassara ce ta ɓangaren da ya ci yaƙi.

Satiru ba ta bukatar ado. A Fabrairun 1906 mutanen ƙauyen, kudu da Sakkwato, suka kashe Turawa uku da sojoji. A watan Maris sojojin Turawa suka dawo suka shafe garin, aka kashe mutane wajen 2,000, akasarinsu talakawa da bayin da suka gudu, makamansu fartanya da gatari da baka. Kwamiti na ganin bai halatta a koyar da mulki ta hannun sarakuna a matsayin dabarar zaman lafiya ba tare da an ambaci wannan ba. Haka kuma adalci ya sa a faɗi dokar 1901 da ta hana farautar bayi da cinikinsu, ta kuma 'yanta duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar, ko da yake ba ta saki waɗanda ke hannun iyayengijinsu kai tsaye ba.

Takardun gidaje

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne ɗaukar hoton wasiƙu da takardun naɗi da rasitan haraji da jangali da ke hannun zuriyar hakimai da alƙalai. Ga tsarin da muka tsaya a kai bayan kurakuran farko. Ba a fitar da takarda daga gidan masu ita. Ana shimfiɗa baƙin ƙyalle a inuwa, a ajiye ma'auni a gefe, a ɗauki gaba da baya ba tare da walƙiyar kyamara ba, domin hatimi da bayanin magatakarda sau da yawa a bayan suke. Kowace takarda a ba ta lamba a rubuta a littafi nan take da fensir. Wanda ya ce sai ya koma gida zai jera, ya rikita tarin ke nan. Ana ajiye kwafi uku a wurare dabam-dabam.

Abubuwa huɗu ne ke cin takardun nan: gara, yoyon ɗaki, tsatsar allura da ƙusar maƙalawa, sai kuma salatif. Na ƙarshen ya fi ba da takaici, don da kyakkyawar niyya ake manna shi, bayan 'yan shekaru ruwan ɗankon ya ratsa takardar ya ɗauke tawada. Muna roƙo, kada a liƙe, kada a kai wa masu rufe takarda da leda mai zafi. A lokacin hunturu kuma takarda kan bushe ta yi ƙaras, idan aka buɗe naɗaɗɗiya da ƙarfi sai ta karye a kan lanƙwasa. A bar ta a naɗe har masu gyara su gani.

Sai kwanan wata. Wasiƙun fada da shekarar Hijira ake rubuta su. Don a samu shekarar Miladiyya ana ninka shekarar da 0.97 a ƙara 622, amma wannan kusantowa kawai yake yi. Shekara ta 1320 ta fara a Afrilun 1902 ta ƙare a ƙarshen Maris na 1903, saboda haka faɗuwar Kano da ta Sakkwato duk cikinta suke, Burmi kuma ta faɗa 1321. In babu sunan wata a jiki, a rubuta shekarun biyu. A gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, wanda zai gwada da rahotannin razdan-razdan ya nemi jerin SNP (fayilolin ofishin Sakataren Lardunan Arewa) da na larduna irin su Kanoprof na Kano da Sokprof na Sakkwato, ya kuma lura da yadda Turawa ke karkata sunaye, gari ɗaya a rubuta shi iri uku.

Ziyara

An je Lakwaja, an hau dutsen Patti, an yi addu'a a maƙabartar sarakunan da aka tsare a can, cikinsu har da Alu na Kano da Kwasau na Zazzau. An je Zungeru, hedikwatar Arewa daga 1902 kafin a koma Kaduna, inda kangaye da ginshiƙai suka rage cikin ciyawa. Gadar ƙafa ta ƙarfe da aka ciro daga can tana lambun Gamji a Kaduna. Burmi ba ta samu ba, damina ta riga mu.

Abin da ke gaba

Tafiyar Burmi za a sa ta cikin rani. Jadawalin zai fito a boko da ajami domin makarantun boko da na Islamiyya. Muna neman membobi masu karanta Larabcin fada da rubutun Magaribi su ba da sunayensu ga sakatare, domin hotunan da aka tara sun fi ƙarfin masu fassarar da muke da su. Bayanin kuɗin shiga da na fita yana cikin rahoton ma'aji, za a karanta shi a babban taro.

Wassalam.
Kwamitin Gudanarwa