Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ke sayar da ƙunshin maganin murar zomo

Zuwa ga Shugaban Kamfani da Sashen Kula da Ingancin Kaya,

Yallaɓai, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu likitocin dabbobi ne da masu kiwon zomo a gida. Ƙorafinmu a kan ƙunshin nan ne da kuke sayarwa da sunan maganin murar zomo, wanda ya ƙunshi kejin roba mai murfi, buhun dusar katako mai ƙamshi, kwalbar man shaƙa, da takardar bayani a cikin kwali. Mun fito da maganar bainar jama'a ne domin kayan sun riga sun shiga gidaje, kuma duk wanda ya bi takardarku sau da ƙafa yana iya rasa zomon da, in da an bar shi ma, da ya kai ga likita da ransa.

Takardar ta fara da cewa atishawa da majinar zomo mura ce da takan wuce da kanta cikin mako guda. Tun daga nan aka saki hanya. Zomo ba ya ɗaukar murar da mutane ke yi. Abin da ke sa shi majina galibi bakteriya ce, musamman Pasteurella multocida, wani lokaci Bordetella bronchiseptica ko Staphylococcus aureus. Zomaye da yawa suna ɗauke da Pasteurella a hanci ba tare da wata alama ba, sai ranar da zafi, cunkoso, tsoro ko gurɓatacciyar iska suka karya garkuwar jiki, sannan ta tashi. In ta tashi kuwa ba a hanci take tsayawa ba. Takan bi hanyar hawaye ta kai ido, ta shiga kunnen ciki har zomo ya riƙa karkata kai yana faɗuwa, ta sauka huhu, ko ta tara mugunya mai kauri a ƙarƙashin fata. Makon da kuka ce a jira, shi ne makon da cutar ke wannan tafiya.

Akwai kuma zomon da majinarsa ba daga hanci ta faro ba. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, kuma saiwar haƙoran sama tana dab da kogon hanci da hanyar hawaye. Idan saiwar ta yi tsawo ko ta ruɓe, sai a ga majina da hawaye, sau da yawa ta gefe ɗaya. Tsinken ciyawa da ya maƙale a hanci ma haka yake yi. Babu abin da ke cikin kwalinku da zai taɓa waɗannan; sai likita ya leƙa turamen baki, in ya cancanta a ɗauki hoton kai da na ƙirji.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne sakin layin da ya ce in majina ta ƙi tsayawa, mai zomo ya zuba garin amoksisilin a ruwan sha na kwana uku. Wannan shawara tana kisa. Zomo yana narkar da ciyawa ne da taimakon ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin wani babban buhu a hanjinsa. Amoksisilin, amfisilin, fenisilin na sha, kilindamaisin, linkomaisin da eritiromaisin, idan suka bi ta baki, sukan share waɗannan ƙwayoyi masu amfani, su bar fili ga wata bakteriya mai cutarwa da ake kira Clostridium, ita kuma ta saki guba. Sai zomo ya daina ci, ciki ya kumbura, zawo ya ɓarke, ya mutu. Wani lokaci sai bayan kwanaki da gama shan maganin abin yake bayyana, shi ya sa mai zomo ba ya danganta mutuwar da garin da ya zuba. Zai ce murar ce ta yi ajalinsa. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Ko da maganin mai kyau ne, hanyar ba daidai ba ce. Zomo mara lafiya ba ya shan ruwa kamar yadda ya saba, in kuma ruwan ya canza ɗanɗano sai ya ƙaurace masa gaba ɗaya, ya rasa magani ya rasa ruwa. Kwana uku kuma ba ya kai ko'ina. Likita yakan auna nauyin zomo, in da hali ya ɗebi majina daga can cikin hanci a gwada ta a ga maganin da ke kashe ƙwayar, sannan ya zaɓi irin su enrofuloksasin, marbofuloksasin, doksisaikilin ko tirimetofirim da salfa, a ba shi da sirinji bisa awo. Maganin yakan ɗauki mako biyu zuwa shida, kuma gaskiyar da ya kamata ku faɗa wa mutane ita ce wasu zomayen ba sa rabuwa da cutar kwata-kwata, lallaɓa ta ake yi, ta lafa ta dawo. Fenisilin na allura yana da wurinsa, amma a hannun likita. Haka magungunan siteroyid masu rage kumburi, ko da na ɗigawa a ido ne, ba a ba zomo su da ka, domin suna danne garkuwarsa fiye da yadda suke yi wa kare ko kyanwa.

Sai man shaƙa. Jikin kwalbar ya nuna akwai yukaliftus, mentol da kafur, takardar kuma ta ce a shafa a gefen hanci. Zomo da hanci kaɗai yake numfashi, saboda murfin maƙoshinsa yana maƙale ne a bayan ganɗa. Mai mai yaji yana ƙara kumbura fatar cikin hancin da dama ya ƙuntata, sannan zomo zai goge shi da ƙafa ya lashe. Abin da ke sassauta majina shi ne ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9 cikin ɗari, a na'urar da ke mai da ruwa hazo. A sa zomo cikin akwatin ɗaukarsa, a yafa tawul a bar gefe ɗaya a buɗe, a kunna na minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, a tsayar da zarar an ga ya firgita. Bayan nan a jiƙa auduga da ruwa mai ɗumi, a ɗora a kan ɓawon majinar da ya bushe a bakin hanci har ya yi laushi, sannan a share. Ba a ɓanɓare shi a bushe, fatar wurin takan tsage.

Kejin da dusar kuwa tare suke ɓarna. Fitsarin zomo yana fitar da amoniya, iskar nan mai zarni, wadda ke lalata ƙananan gashin da ke share majina da ƙura daga hanyar iska. A kejin roba mai murfi, wanda ƙofar iskarsa 'yan huji ne a sama, zarnin yana taruwa daidai inda hancin zomo yake. Wanda ke tsaye ba zai ji ba. A durƙusa a kai hanci kusa da shimfiɗa. In ido ya yi yaji, to zomon a ciki yake kwana. Dusar itacen fayin da ta itacen sida da ba a gasa ba suna fitar da sinadarai masu ƙamshi da ke fusata hanyar numfashi, ga ƙura, ku kuma kun ƙara turare a kai, wanda ba ya rage amoniya, ɓoye ta kawai yake yi har mai gida ya jinkirta shara. Zomo mai ciwon numfashi yana buƙatar shimfiɗar takarda mara ƙura ko tawul mai tsabta, a kwashe wurin fitsari kullum, keji mai waya a gefuna, ɗaki mai iska amma ba a bakin fanka ba, nesa da hayaƙin taba, turaren wuta da feshin maganin sauro. Kun kuma ce a ajiye kejin kusa da abin ɗumama ɗaki. Zomo ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 21 a ma'aunin Salsiyos, in zafi ya haura 28 yana cikin haɗari, balle wanda hancinsa ya toshe. In ana son ɗumama shi, a sa kwalbar ruwan ɗumi naɗe da tawul a gefe guda, yadda zai iya matsawa in ya ga dama.

Wani layi ya ce a rage masa abinci har ya warware. Ba a sa zomo azumi, ko za a yi masa tiyata. Hanjinsa yana buƙatar ciyawa tana wucewa koyaushe, kuma zomon da hanci ya toshe ba ya jin ƙamshin abinci, ga wuyar tauna da numfashi a lokaci guda. In ya yi awa 12 bai ci ba, ko kashinsa ya ƙanƙance ya ragu, hanji ya fara tsayawa ke nan, a tafi asibiti a ranar. Kafin a kai ga haka, a ba shi busasshiyar ciyawa mai yawa wadda aka kakkaɓe a waje, ba mai fumfuna ba, da ɗanyen ganyen da ya saba ci a jiƙe, da ruwa a kwano maimakon kwalbar tsotso. Lafiyayyen zomo yakan sha mililita 50 zuwa 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. In sai an ɗura masa, a dama abincin jinya na masu cin ciyawa, ko a jiƙa ƙwayoyin abincinsa su narke, a ba shi kamar mililita 10 a kan kowane kilo, sau huɗu zuwa shida a rana. Bakin sirinji yana shiga ta giɓin da ke bayan haƙoran gaba, daga gefe, mililita ɗaya a lokaci guda, a jira ya tauna ya haɗiye.

Hoton da kuka buga na wannan aiki ya nuna zomo kwance rigingine a cinyar mutum. Shirun da yake yi a haka sandarewar tsoro ce. Ƙirjin zomo ƙarami ne, in aka kwantar da shi ta baya kayan ciki sukan danne huhu, abin da aka ɗura kuma yana iya bin hanyar iska. A naɗe shi da tawul, ƙafafu huɗu a ƙasa, kai a miƙe. Wanda ke haki sosai ma ba a ɗura masa komai sai likita ya gan shi.

Duk tsawon takardar babu inda aka faɗi alamun gaggawa. Zomon da ke hutawa yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti, zafin jikinsa tsakanin digiri 38.5 da 40. Wanda ya buɗe baki yana jan iska, ko ya miƙe wuya ya ɗaga hanci sama, ko leɓensa da dasashinsa suka yi shuɗi, wannan ba ya jiran wayewar gari. Ba ku ma gaya wa mutane su duba cikin ƙafafun gaba ba, alhali zomo yana goge hancinsa da su, sau da yawa hanci tsaf za a gan shi amma gashin ƙafa ya cuɗe da busasshiyar majina. Ba ku ce a raba shi da ɓeran Masar ba, wanda Bordetella ke yi wa mummunan kamu, ko a wanke hannu bayan an taɓa shi, ko a killace sabon zomo na aƙalla mako biyu kafin a haɗa shi da na gida.

Don haka muna neman ku dakatar da sayar da ƙunshin nan take, ku sanar a duk inda kuka tallata shi cewa kada kowa ya ba zomo amoksisilin ta baki, kuma wanda ya riga ya ba shi ya kai wa likita ko da zomon yana ci yana tsalle. Ku cire man shaƙa da dusar mai turare daga kayan zomo, ku mayar wa waɗanda suka saya kuɗinsu. In za ku sake buga takardar, likitan da ya san zomo ya duba ta layi-layi, sunan kowane sinadari ya fito a jikin kwalba, alamun gaggawa kuma su zo a shafin farko da manyan baƙaƙe. Muna jiran amsarku a fili, a nan inda muka yi ƙorafin.

Mu ne naku,
Wasu likitocin dabbobi da masu kiwon zomo