Kyautar da ake yi wa lauya ana tsaka da shari'a

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan gurbi a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan kyautar da lauyoyi ke karɓa daga hannun waɗanda suke wakilta.

Wata 'yar uwata da mijinta ya rasu ta ɗauki lauya a kan rikicin gado, aka yi jinga, ta biya rabi. Ana gab da yanke hukunci sai ya fara yabon wani fili da ke cikin gadon, yana cewa ya daɗe yana neman irinsa. Bai roƙa ba, ita ma ba ta ce a'a ba, domin duk takardun gidajen marayunta suna cikin durowarsa. Ranar da ta sa hannu ta ba shi filin, ta ce mini kyauta ce, amma idonta na ƙasa.

Ba na zargin lauyan da aka kai wa zabi biyu ko ragon Sallah bayan an gama shari'a, wannan ihsani ne da muka gada. Abin da nake ƙi shi ne kyauta mai nauyi daga mutumin da ƙaddararsa ke hannunka, wanda ke tsoron idan ya hana za a yi wa shari'arsa riƙon sakainar kashi.

Ƙa'idojin aikin lauya na Najeriya, waɗanda aka fitar a 2007 aka kuma sabunta a 2023, sun hana lauya cin moriyar amanar da aka ba shi. Haka kuma a dokar da muka gada daga Ingila, idan aka kai irin wannan kyauta kotu, lauyan ne zai tabbatar da cewa babu matsin lamba a ciki, misali ta nuna cewa mai kyautar ya nemi shawarar wani lauya dabam. A addinance ma, lokacin da wani sahabi mai suna Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ce wani kaso kyauta aka ba shi, Manzon Allah (SAW) ya tambaya me ya sa bai zauna a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa ba.

Ina kira ga rassan Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya da ke Kano da Kaduna su shiga gidajen rediyo su bayyana wa jama'a da Hausa cewa akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon soke sunan lauya daga rajista. 'Yar uwata ba ta taɓa jin labarinsa ba sai bayan an kewaye filin da bulo.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya