Rahoton ayyukan shekara ga 'yan ƙungiya: tsohon maruru da ke rikiɗa ya zama sankara

Assalamu alaikum 'yan uwa maza da mata, da malaman jinya da likitocin da ke tare da mu a nan Kaduna.

Taron wata-wata ya ci gaba kamar yadda aka saba, haka ma rabon auduga da bandeji da koyar da wankin miki. Ma'aunin bai canja ba: giram 9 na gishiri a lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce. Bayanin kuɗi kuwa ma'aji zai karanta shi a babban taro.

Abin da ya ci mafi yawan lokacinmu bana shi ne batun sankara. Cutar da ta haɗa mu, wadda likitoci ke kira hidradenitis suppurativa, mu kuma muke ce mata maruru mai komowa, tana farawa ne daga toshewar ramin gashi a hammata, matsematsi, ƙarƙashin nono da ɗuwawu. Ba ƙazanta ke kawo ta ba, ba a kuma ɗaukarta. Idan ta kai mataki na 3, wato mafi tsanani, a ma'aunin Hurley na 1989 da likitoci ke auna tsananinta da shi, fata takan cika da tabo da ramuka masu haɗuwa ta ƙarƙashi suna zubar da mugunya. Fatar da ta yi shekara 20 zuwa 30 tana kumbura tana warkewa, ita ce kan rikiɗa ta zama sankara, irin wadda ake kira gyambon Marjolin, da sunan likitan Faransa da ya bayyana irin wannan gyambo a 1828. Waɗanda abin ke samu ba su kai 5 cikin 100 ba. Sai dai akasarinsu maza ne, masu shan taba sun fi yawa, kuma kusan kullum a ɗuwawu ko gefen dubura yake fitowa, wurin da mutum ba ya iya gani, yake kuma jin nauyin nunawa. Da yawa sai su ce basir ne, su shekara suna shan jiƙo.

Don haka muka ware zama na maza zalla, tare da namijin ma'aikacin jinya. Alamomin da muka nanata: miki ya wuce wata 3 bai rufe ba duk da magani, bakinsa ya yi tauri ya juyo waje, tsoka ta tsiro kamar farin kabeji, jini da an ɗan taɓa, wari ko ciwon ya sauya, kaluluwa mai tauri a matsematsi da ba ta sauka, rama ba dalili. Mun roƙi iyali su riƙa ɗaukar hoton wurin da waya duk wata, a ajiye kwabo ko rula a gefe don a gane ko yana faɗaɗa.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne gwajin tsoka, wato a yanko ɗan nama daga mikin a bincika ko sankara ce. Idan sama-sama aka yanko, sakamako kan nuna kumburi da kaurin fata kawai, alhali sankarar tana can cikin ramin. Shawararmu ita ce a yanko mai zurfi, daga wurare daban-daban, har da bakin mikin. In sakamako ya ce babu komai amma miki na ci gaba da girma, a sake. Wannan ba raina likita ba ne. Hoton MRI ke nuna iyakar inda ramukan suka kai, kuma a tiyata ana cire wurin tare da aƙalla santimita 2 na lafiyayyar fata a kewaye, a duba kaluluwar. Masu buƙatar wannan muna nuna musu Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake da sashen masu sankara.

Mun kuma yi gargaɗi kan sakiya da tsaga wurin wanzami: mugunya za ta fita, a ji sauƙi na kwanaki, amma tabo ya ƙaru, ya rufe abin da ya kamata a gani. Haka sayen rifampicin a kemis, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake kuma maganin tarin fuka da shi. Likita kan haɗa shi da clindamycin na mako 10 zuwa 12, amma a ƙasar da tarin fuka ya yi yawa irin tamu, sai an tabbatar babu shi tukuna, kada ƙwayar ta bijire wa magani. Rifampicin yana kuma rage ƙarfin ƙwayar tsarin iyali, mata su lura. Wanda za a ɗora kan allurar adalimumab, mai rage kumburi ta hanyar danne garkuwar jiki, a fara duba tsofaffin mikinsa sosai.

Inda muka gaza shi ne batun barin taba; an yi magana, ba a bi diddigi ba.

A shekara mai zuwa, duk ɗan ƙungiyar da ya haura shekara 10 da ciwon a ɗuwawu ko gefen dubura, za a rubuta sunansa domin likita ya duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Za mu kuma kai zaman maza Rigasa da Tudun Wada. Mai son shiga jerin ya ga sakatare bayan taro, a keɓe.

Kwamitin gudanarwa