Kurkum a cikin sabulun salo: amfaninsa na nan kuwa?

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari, Allah Ya ƙara basira.

Mu masu gyaran jikin amare ne a Tudun Wadan Zariya, tambayarmu kuma a kan kurkum take, wanda wasu ke kira gangamau. Abin da ke aiki a cikinsa shi ne sinadarin kurkumin, wajen kashi 3 cikin 100 na busasshen garin. Shi ke ba shi launin ruwan ɗorawa, shi ke taimakawa wajen kwantar da kumburin ƙuraje.

Haɗin fuska ba mu da shakka a kansa: rabin ƙaramin cokali na kurkum, babban cokali 1 na garin shinkafa, cokali 2 na kindirmo. A fara ɗiga kaɗan a bayan kunne, a jira kwana ɗaya. In babu ƙaiƙayi sai a shafa, minti 10 zuwa 15, sau 2 a mako. In ya daɗe ko aka cika hannu, fuska da farce sun rine ke nan, sai an goge da man kwakwa a auduga, don kurkumin ba ya narkewa a ruwa. Lemun tsami kuwa ba ma yarda da shi, yana ƙona fata in an shiga rana, ya bar baƙin tabo.

Inda muka rabu gida biyu shi ne sabulun salo. Da an kwaɓa kurkum a ciki sai ya juye ja, saboda da ruwan toka ake yin sabulun, yana da kaifi irin na kanwa. Masu saye sun fi son jan, wai shi ne mai ƙarfi. Amma kurkumin saurin lalacewa yake a irin wannan kaifin, hasken rana ma na kashe shi, ga shi a Kasuwar Sabon Gari cikin farar roba ake baje shi a rana. Kumfar ma ba ta cika minti ɗaya a jiki ba.

To Likita, akwai abin da ke saura a wannan sabulun, ko mu daina sa wa mutane rai? In a man kaɗanya ya fi dacewa a jiƙa kurkum, wane irin zafi zai jure, kuma wata nawa zai yi a kwalba mai duhu?

Sannan amaren da man bilicin ya sirantar musu da fata har jijiyoyi suka fito, mu shafa musu kurkum, ko mu fara tura su wajen likitan fata a Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika?

Mun gode, a huta lafiya.

Daga masu gyaran jiki,
Tudun Wada, Zariya