Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024: Rigakafi da Cututtukan Huhu Masu Bijire wa Magani

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu mambobi. A madadin kwamitin gudanarwa, ga bayanin abin da Allah ya nufe mu da yi bana.

Mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne a kan allurar yara. Matanmu 'yan sa-kai sun bi gida-gida a Rigasa, Tudun Wada da Badarawa suna duba katin rigakafi. Abin da suka fi cin karo da shi, kati ne da aka cike gurbin BCG (allurar tarin fuka) da na sati 6, amma gurbin sati 10 da na 14 wayam. In an tambayi uwa sai ta ce jikin yaron ya yi zafi bayan ta farko, maigida ya hana a koma. Shi ya sa muka juya kan maza, a majalisa da ƙofar masallaci bayan la'asar, masu unguwanni na gaba muna biye. A sati 6, 10 da 14 ɗin nan ne ake yin allurar PCV, wadda Najeriya ta fara a ƙarshen 2014, mai kare yaro daga babbar ƙwayar da ke haddasa namoniya, wato sanyin haƙarƙari. Yaron da bai kamu ba ba ya shan kafso, kuma duk kafson da ba a sha ba, ƙwayar cuta ba ta samu damar sabawa da shi ba.

Zamanmu da masu kemis bai zo da sauƙi ba. Mutum zai ce a yanko masa amoksisilin gwargwadon kuɗin hannunsa, ya sha kwana biyu, tari ya lafa, ya ajiye. Masu kemis sun ce in sun hana, maƙwabci zai sayar. Gaskiyarsu ce, talauci ma gaskiya ne, amma wasunsu sun yi alkawarin tura duk yaro mai saurin numfashi ko faɗawar ƙirji asibiti nan take, kuma mun ga alamar suna cikawa.

A makon wayar da kai kan ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, na 18 zuwa 24 ga Nuwamba, likitocin cikinmu sun yi mana bitar inda binciken sabbin allurai ya kwana. A 2019 kaɗai, ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27, cutar huhu ce kan gaba, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna. Cikin ƙwayoyi 6 da suka fi kisa, ta namoniya kaɗai ke da allura. Irin su Klebsiella da Pseudomonas, masu kama marasa lafiya a gadon asibiti, har yau ba su da ita. Tarin fuka kuwa, BCG ake dogaro da ita tun 1921, ga shi ba ta kare manya yadda ya kamata. Fatanmu yana kan allurar M72, wadda a gwajin Kenya, Zambiya da Afirka ta Kudu ta kare kusan rabin waɗanda aka yi wa, kuma a Maris na bana aka shiga babban gwajinta. Ra'ayin kwamiti shi ne, zuwanta zai ɗau shekaru, kuma unguwar da ke gudun allurar yau ba za ta karɓi ta gobe ba sai an gyara yarda tun yanzu.

Ranar 24 ga Maris mun raka masu tarin da ya wuce sati biyu sun ba da kaki an auna da na'urar GeneXpert. Gwaji da magani kyauta ne. Waɗanda aka tura cibiyar tarin fuka ta Saye a Zariya, asusunmu ne ya ɗauki kuɗin motarsu, kuma nan ne kuɗinmu ya fi tafiya.

Aikin Kawo da Mando bai samu ba saboda tsadar sufuri, mun ɗage shi zuwa baɗi. Ma'aji zai karanta cikakken lissafi a babban taro. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a biya kafin ranar, domin da shi za mu fara zagayen lokacin hunturu.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa, Kaduna