Godiya ga Ofishin da Ya Hana Mu Tashi Ranar da Muka So

Zuwa ga Hajiya, shugabar ofishin sayar da tikitin jirgi da ke kusa da Babbar Kasuwar Yamai, da dukkan ma'aikatanta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin wadda na yi muku da baki ba ta ishe ni ba, kuma ƴan'uwana Adarawa masu sauka kurmi suna da yawa.

Ƙanwata da ke aure a Abobo, cikin Abijan, ta yi haihuwar fari, Inna ta ce sai ta je ta yi mata wankan jego da hannunta. Tsohuwar da ba ta taɓa wuce Ƙonni ba! Muka baro Tahoua da asuba, muka bi ta Dogonduci da Doso, tafiyar sama da kilomita 500, muka shigo ofishinku da ƙura a jiki. Niyyata in sayi tikitin jibi, mu riski suna.

Saurayin da ke kan kwamfuta bai fara da maganar kuɗi ba. Cewa ya yi, "Alhaji, Inna tana da katin rigakafin shawara?" Na ce babu, amma wani a tasha ya ce zai samo mana mai hatimi ba tare da allura ba. Ya tashi ya kira ki. Hajiya, ban manta yadda kika durƙusa kika gaida Inna ba, kika tambaye ta gajiyar hanya, sannan kika juyo gare ni. Kika ce a filin jirgin Abijan ana duba katin nan tun kafin mutum ya kai ga masu buga hatimin fasfo, amma ko da ba a dubawa, sauron can bai san hatimi ba, jini ya sani. Kika ce allurar ba ta kama jiki sai ta kwana 10, kuma tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce guda ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Kika ƙara da cewa mu faɗa wa likita shekarun Inna kafin a yi mata, domin wanda ya haura 60 sai an duba lafiyarsa tukuna.

Raina ya ɓaci a lokacin, ba zan ɓoye ba, domin suna ya wuce mu ke nan. Kuɗin suna aljihuna, da kin so da kin karɓa. Kika ce mu je mu yi allura mu dawo, kujera ba za ta gudu ba. A daren nan Inna ta ce mini, "Yarinyar nan ƴar mutunci ce, ka bi maganarta."

Ranar da muka dawo, saurayin nan ya ba ni takarda guda da ya rubuta da hannunsa, har yanzu tana cikin fasfona. Agogon Kodebuwa yana bayan namu da awa ɗaya. Sefarsu ita ce tamu, ba ruwanmu da ƴan canji. Lambobin wayarsu sun koma alƙaluma 10 tun 2021, shi ya sa tsohuwar lambar wani kawuna da ke Ajame ta ƙi shiga, ni kuwa ina ta zargin ya manta da mu. Ya rubuta cewa tunda Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a watan Janairun 2025, mu riƙe fasfo da kwafinsa a wuri dabam, kada mu dogara da labarin wanda ya yi tafiya bara.

Inda na fi jinjina muku shi ne maganar damina. Watan Yuni ne, lokacin da ruwan Abijan ya fi ƙarfi. Mu da ruwan shekara guda bai kai milimita 500 ba, ina za mu san garin da ake kwana ana wuni sama tana zuba? Kuka ce mu sayi laima da takalman roba, mu ɗauki sange, domin masassarar cizon sauro a can ba ta da rani ba ta da damina, kuma jikin Inna ya yi zafi ko yaya, a kai ta likita a gwada jini a ranar. Da kika ga ƙullin kilishi da cukun da muka yo tsaraba a cikin takardar buhu, sai kika sa aka kawo robar da ke rufuwa gam, kika ce raɓar can tana sa su fumfuna cikin ƴan kwanaki. Haka kuwa aka yi. Ɗan abin da na rage a takarda don kaina, kwana 4 na tarar ya yi fari fat, na cikin roba kuwa mai jego ta ci har ya ƙare. Kayan Inna ma da ta shanya sai da suka kwana biyu ba su bushe ba.

Kun gargaɗe ni da teku. Da surukina ya kai mu Basam, wani gari a bakin teku kusa da Abijan, na ga yadda igiyar ruwa take janye yashi daga ƙarƙashin ƙafar mutum, ban wuce idon sawu ba. Gbaka da woro-woro kuwa, wato ƙananan bas da tasin haya na Abijan, na bi shawararku, ina tambayar kuɗi kafin in shiga, ina riƙe da canji.

Inna ta yi arba'in ɗinta lafiya, ko ciwon kai ba ta yi ba, mun dawo Tahoua. Ta ce in gaishe ki da kyau, in gaida ɗanta mai kwamfuta. Ta ba ni cuku in kawo muku, yana nan tafe a zuwana Yamai na gaba. Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa kasuwarku albarka, ya jiƙan magabata.

Naku,
Wani ɗan kasuwa daga Tahoua