Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Sadarwa Ta Ƙasa, Dakta Aminu Maida

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan zangunan rediyo, wato hanyoyin da ido ba ya gani, waɗanda kowace waya da na'urar POS da na'urar bin sawun mota ke bi kafin saƙonsu ya isa inda aka aike shi.

Sana'ata ita ce girka intanet a shaguna da makarantu. Idan na buɗe na'urar awo a tsakiyar kasuwa a Kano, sai na tarar da Wi-Fi bila'adadin sun cunkushe a zangon 2.4 GHz, wanda tashoshi uku kaɗai gare shi da ba sa shiga juna, wato 1 da 6 da 11, kowa na ɗaga murya don ya danne maƙwabcinsa. Amma da na shiga ƙauye, sai allon ya nuna mini zanguna masu daraja kwance shiru, kamar saurar da mai ita ya shinge ya tafi birni.

A Disambar 2021, kamfanonin sadarwa MTN da Mafab suka ci gwanjon zangon 3.5 GHz na intanet ɗin 5G, kowannensu a kan dala miliyan 273.6. Haƙƙinsu ne, ba na ja da shi. Sai dai lasisin ya game ƙasa baki ɗaya, alhali turakun 5G sun fi taruwa inda ciniki yake.

Mu a nan mun san aron gona: mai ita na nan da mallakarsa, wani ya noma, ranar da ya buƙace ta a mayar masa. A 2019 Ofcom, hukumar kula da sadarwa ta Birtaniya, ta ba ƙananan masu sadarwa damar neman lasisin wuri guda a zangon da babban kamfani bai amfani da shi a wurin. A Amurka kuma, tsakanin 3550 da 3700 MHz, kwamfuta ce ke rabon, da zarar na'urorin bakin teku sun ji radar sojan ruwa a zangon sai ta matsar da sauran masu amfani da shi zuwa wata tashar.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne hukumarka ta wallafa taswirar da ke nuna zangon da ake aiki da shi a kowace ƙaramar hukuma, sannan ta fito da lasisin aro mai sauƙin kuɗi, wanda ƙungiyar manoman rani ko makarantar ƙauye za ta iya nema ba tare da ta yi tattaki zuwa Abuja ba.

Naka mai biyayya,
Wani mai girka intanet a Kano